Kati 120, zane ɗaya: Corel, Inkscape ko nanDECK?

Ƙanwata ce ta jawo mini wannan aiki. Tana koyarwa a wata firamare a cikin birnin Katsina, sai ta zana allon wasa a bayan kwali: ganuwa zagaye da ƙofofinta, Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Kwaya, Ƙofar 'Yanɗaka, Ƙofar Guga, Ƙofar Sauri, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Marusa, ga Ƙofar Soro a tsakiya inda ake gamawa. Yaro ya jefa ƙwayar lido, ya matsa, ya ɗauki kati. Wani katin tambaya ne: a wace shekara aka ƙirƙiro Jihar Katsina, ya ce 1987, wane sarki ya hau gadon Katsina a 1944, ya ce Usman Nagogo, yaya sunan rijiyar nan ta Daura, ya ce Kusugu. Wani katin rabin karin magana ne, sai ka cike ragowar. Wani kuma tarko ne: jakinka ya ƙi tafiya, koma baya gida biyu. Duka-duka kati 120. Ta gargaɗe ni tun farko kada kalmar karta ta fito ko'ina a jikin kwalin, kada iyaye su ce ana koya wa 'ya'yansu caca.

Na zauna na yi su da hannu a CorelDRAW, kwafa, liƙa, sauya rubutu, har dare uku. Yara suka buga wasan sau biyu, sai ga ta: "Yaya, makin nan ya yi yawa, kowa cinyewa yakai. Kuma alamar nan a maida ta sama, yatsansu na rufe ta." A bakinta magana biyu ce. A wurina kati 120 ne za a sake buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Daga ranar na shiga neman yadda kwamfuta za ta ɗauke mini wannan wahala, kuma abin da na gani a hanyoyin da na gwada shi ne zan shimfiɗa a nan.

Dabarar kanta duk mai aikin ɗab'i ya san ta, ko da bai taɓa yin katin wasa ba, domin ita ce ta katin shaidar ɗalibai. Ana yin uwar zane guda ɗaya, a bar gurabe: nan suna, nan hoto, nan tambaya, nan maki. Bayanan kuma suna cikin jadawalin Excel ko Google Sheets, kowane layi na kwance kati ɗaya, kowane layi na tsaye gurbi ɗaya. Manhaja ta auri biyun, ta haifo katuna. In an ce zanen na bekta ne, ana nufin ba ɗigo-ɗigo ba ne kamar hoton waya, layuka ne da lissafi ya riƙe, ko ka ja shi ya kai girman allon talla ba zai fashe ba.

Kafin a zo kan wace manhaja, sai an gyara jadawalin, don a nan Hausa take cin tuntuɓe, kuma darussan da za ka gani a YouTube ba za su gaya maka ba, tunda masu yin su ba su da ƙ da ɗ da ɓ. Na farko, yawancin manhajojin nan fayil ɗin CSV suke karantawa, wato jadawalin da aka adana a matsayin rubutu zalla. In ka adana CSV na gargajiya a Excel, Ƙanƙara za ta fito ?an?ara, Ɗan Musa ya zama ?an Musa, kuma in ka rufe fayil ɗin shi ke nan, haruffan sun tafi. Sai ka zaɓi wanda aka rubuta CSV UTF-8, ko ka sauke daga Google Sheets, wanda shi dama a UTF-8 yake bayarwa. Ainihin jadawalin kuma ka bar shi a xlsx, wato fayil ɗin Excel na asali, CSV ya zama kwafi kawai.

Na biyu ya fi wayo, ya kuma kama ni. Excel yana ɗaukar waƙafin sama da ya zo a farkon akwati a matsayin umarni gare shi cewa abin da ke biye rubutu ne ba lissafi ba, sai ya haɗiye shi. Ka rubuta 'Yanɗaka, ya nuna Yanɗaka. Ka rubuta 'ya'ya, ya ba ka ya'ya. Wanda ke tsakiyar kalma, kamar na Mai'aduwa, ba ya taɓa shi, na farko kaɗai yake ci. Google Sheets ma halinsu ɗaya. Maganin shi ne ka buga waƙafin sau biyu a farko, ɗaya nasa ɗaya naka. Ban lura ba sai da katin gwaji ya fito, wani ɗan aji biyar ya nuna wa malamarsa. Haka kuma in ka rubuta 1/2 a gurbin maki, Excel zai iya mai da shi kwanan wata.

Sai salon harafi. Da yawa daga cikin masu ƙyalƙyalin da muke so a kan fosta ba su da haruffa masu lanƙwasa, sai manhaja ta aro ƙ daga wani salon ta dasa a tsakiyar kalma, ya fito kamar baƙon haƙori. Andika, wanda SIL suka yi musamman don masu koyon karatu, yana da su duka manya da ƙanana, kuma kyauta ne. Charis da Noto Sans ma haka. Don katin yara ni Andika na tsaya a kai.

To, CorelDRAW. Da shi zan fara saboda shi ne a hannun kowa. Shiga kowane shagon ɗab'i daga Katsina har Daura, shi za ka tarar a buɗe, galibi tsohon siga irin X7 na 2014 ko wanda ya girme shi. A cikinsa akwai Print Merge: ka ɗora CSV, ka dasa gurabe a kan zane, ka ce ya haɗa zuwa sabon fayil, kowane kati ya samu shafinsa, sannan a wajen bugawa ka jera su da yawa a takarda ɗaya. Fa'idarsa babba ce kuma ba a raina ta. Launinsa CMYK ne tun daga tushe, wato irin launin da injin bugawa yake ji, don haka koren da ka gani ba zai yi nisa da wanda zai fito ba. Mai injin ma ba zai yi maka kallon baƙo ba, fayil ɗinsa ne na kullum, in wani abu ya goce zai gyara a gabanka.

Inda ya gaza shi ne hoto. A waɗannan tsofaffin sigogi rubutu da lamba kawai Print Merge yake sauyawa. In katin hasumiyar Gobarau yana son hotonta, na Kusugu yana son nasa, sai ka bi su da hannu bayan an haɗa, kuma duk ranar da ka sake haɗawa aikin hannun ya rushe. Ana iya yi masa dabara: a raba katunan gida-gida, uwar zane ɗaya ta tambayoyi, ɗaya ta karin magana, ɗaya ta tarko, kowace da alamarta da launinta a kafe. Wannan ya isa in hotuna iri uku ne ko huɗu. In kowane kati da nasa hoton, Corel na shagon unguwa ba abokin tafiya ba ne. Ga kuma maganar lasisi, wadda kowa ya san yadda take a garin nan, ba sai na tona ba.

Inkscape kyauta ne, halak malak, ba satar lasisi ba kuɗin wata, yana kuma tashi a kan Windows da Linux da Mac. Tun 2003 ake gina shi, siga ta 1.0 ta fito a 2020. Fayil ɗinsa SVG ne, kuma sirrin duk yana nan: SVG rubutu ne zalla. Buɗe shi da Notepad za ka ga kalmomin da ka sa a kati a kwance, da lambar launi, da sunan fayil ɗin hoto. Abin da yake rubutu kuwa ana iya musanya shi. Shi ya sa a nan ba rubutu kaɗai ake sauyawa ba, har hoto da launin gefe, duk daga jadawali.

Shi kansa Inkscape bai zo da wannan aiki ba, sai an ƙara masa. Ƙari biyu na gwada. Next Generator mai sauƙin kai ne: inda kake son suna ka rubuta %VAR_suna% a kan zanen, ya bi jadawali layi-layi ya fitar da fayil ɗaya ga kowane kati, PDF ko PNG. Sai dai jera su a takarda ya rage naka. Countersheets kuwa don masu wasannin allo aka yi shi, yana jera katunan da kansa, ya sa alamun yanka, ya kula da bayan kati, amma sai ka zauna ka fahimci yadda yake son a sa wa kowane abu suna a cikin zanen. Yini guda ya ci mini kafin ya ba ni abin da nake so.

Matsalar da ta fi ci mini tuwo a ƙwarya a nan ita ce naɗe rubutu. "Komai nisan jifa" kalma uku ce. Wata tambayar tarihi kuma ta kai layi biyar. SVG na asali bai san yadda ake karya dogon rubutu ya sauko layi na biyu ba, sai ya miƙe ya fita ta gefen kati. Inkscape yana da akwatin rubutu mai naɗewa, kuma yana aiki muddin Inkscape ɗin ne ya fitar da katin. Ka ba wata manhaja wannan SVG ɗin, tana iya watsar da naɗin ko ta ɓatar da rubutun gaba ɗaya. Ko a cikinsa ma, in rubutu ya fi akwati, ragowar ɓacewa take yi shiru, ba sallama. Kati 120 kuwa ba kowa ke da haƙurin karanta su duka ba. Abin da na koma yi shi ne na ƙara layi a jadawali mai ƙirga haruffa da umarnin LEN, duk tambayar da ta wuce iyaka akwatin ya yi ja, a rage ta tun a can. Ƙanwata ta ji haushin wannan da farko, daga baya ta yarda cewa tambayar da ta fi layi huɗu dama ɗan aji huɗu ba zai karanta ta ba.

Abu na biyu, Inkscape a RGB yake fitar da launi, na fuskar kwamfuta. Shuɗi mai haske da kore mai ƙyalli sukan dushe a takarda. A injin DI da ake buga ƙananan ayyuka da shi abin bai kai a ɗaga hankali ba, buga takarda ɗaya ta gwaji ya wadatar. In za a kai ga babban injin da ke bugawa da faranti da dubban kwafi, sai an bi ta wata manhajar an juya launin. Kuma kada ka kai wa mai shago SVG. Ka fitar da PDF, ka mai da rubutun zane kamar yadda ake yi da Ctrl+Q a Corel, don injinsa ba shi da Andika.

Yanzu nanDECK, wanda ban taɓa jin sunansa a bakin kowa a nan ba sai da na yi ta tono. Wani ɗan Italiya, Andrea Nini, ya rubuta shi, kyauta, don Windows, kuma ba shi da wata sana'a sai katin wasa. Ranar farko za ka so rufe shi. Fuskarsa ta tsohon zamani ce, kuma maimakon ka ja abu da linzami, umarni kake rubutawa layi-layi: LINK ya ɗauko jadawali, IMAGE ya ajiye hoto, TEXT ya ajiye rubutu, kowanne da lambobin inda zai zauna. Akwai ɓangaren da ake ja da hannu, amma ba ya kama ƙafar Corel.

Sai dai duk abin da ya ba ni wahala a sauran, shi an riga an yi tunaninsa a nan. Yana karanta xlsx kai tsaye, ba sai an bi ta CSV ba, har Google Sheets yana jawowa. In kana son katin "koma baya gida biyu" ya fito sau shida, ba sai ka maimaita layi shida ba: ka yi gurbin adadi, ka rubuta 6, LINKMULTI ya ninka. Yana iya rage girman harafi da kansa har dogon rubutu ya shiga akwatinsa. Yana jera gaba da baya su dace. Yana karɓar sharaɗi, in nau'in kati tarko ne gefe ya yi ja, in tambaya ce ya yi kore. Gyaran nan na ƙanwata da ya so ya ci mini dare uku, a nan lamba biyu na sauya na danna maɓalli, kafin shayi ya huce an gama. Rubutun Hausa kuwa na fi samun natsuwa da shi ta HTMLTEXT, wanda kuma yake ba ka damar kaurara kalma ɗaya a tsakiyar jimla. Ko da wanne za ka yi, fara da kati ɗaya mai ɗauke da Ƙ ƙ Ɗ ɗ Ɓ ɓ ka gani da idonka.

Abin da za ka sadaukar shi ne bekta. Abin da nanDECK yake fitarwa hoto ne mai ɗigo, 300 a kowane inci in ba ka sauya ba. Kati mai faɗin milimita 63 da tsawon 88, girman da aka fi yin katunan wasa da shi, zai zama ɗigo 744 a 1039. Ga ido, a hannun yaro, wannan ya isa har ya yi yawa. Ƙananan haruffa ne kawai ba sa kaifi kamar na bekta, in ka kura musu ido. Kuma ba wurin zane ba ne. Firam, alamomi, hoton ƙofa, duk sai ka yi su a Inkscape ko Corel ka kawo masa.

Sauran hanyoyin ba zan daɗe a kansu ba. Adobe InDesign yana da Data Merge, kuma in gaskiya za a faɗa ya fi kowa iya rubutu: yana ɗaukar hoto in ka sa @ a gaban sunan gurbin, yana jera katuna da yawa a shafi, yana ma kawo rahoton duk katin da rubutunsa ya yi ambaliya. Amma kuɗin wata-wata ne da dala. Wanda yake da shi don aikin littattafai ya yi amfani da abinsa, wanda ba shi da shi kada ya yi rajista saboda kati 120. Na intanet irin su Canva da Dextrous suna da daɗin hannu, sai dai aikinka yana rataye da data da sabis, manyan abubuwan kuma galibi sai an biya. Akwai kuma rubuta 'yar manhajarka da Python, ko amfani da Squib na masu Ruby. In kana da ɗan'uwa mai karatun kwamfuta a jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, zai yi maka cikin yamma ɗaya, tunda musanya rubutu ne a cikin SVG. Ka dai tuna alamar & guda ɗaya a cikin tambaya tana iya hana fayil buɗewa in bai yi mata tanadi ba, kuma ranar da ya tafi bautar ƙasa kai da gyara sai ido.

Wurin mai yanka ma yana da ta cewa a zaɓin nan. Gilotin, wato injin yanka takarda, ba ya sauka daidai kan layi kullum, don haka ana barin rarar launi milimita 3 a kowane gefe, katin ya zama 69 a 94 kafin yanka, rubutu kuma a ja shi ciki da kamar haka. A4 tana ɗaukar kati 9 in an manne su ba rara. Takardar SRA3, mai 320 a 450, tana ɗaukar 18 da rararsu a sake, wato kati 120 takarda 7 ke nan, har da guraben kati 6 da suka rage, waɗanda na bari fari don malama ta rubuta sababbin tambayoyi da hannu. Wani dattijo mai injin yanka ya dubi gwajina na farko ya ce, "Malam, wanga siririn layi da ka zagaye kati da shi, cire shi. In wuƙa ta goce da kaɗan, kowa zai gani." Gaskiyarsa. Bayan kati kuma, in iri ɗaya ne duka, ka huta. In kowane da amsarsa a baya, dole jerin bayan ya juya, na dama ya koma hagu, in ba haka ba amsar Kusugu za ta fito a bayan tambayar Gobarau. nanDECK da Countersheets suna yin wannan juyi. A Corel da Next Generator kai za ka yi lissafinsa.

Da za a tambaye ni, tambaya ɗaya zan mayar: wasan ya gama nuna, ko har yanzu ana ɗanɗanawa? In rubutun ya zauna, ba hoto daban-daban, kuma bugu ɗaya za a yi, kada ka wahalar da kanka da sabon koyo, Print Merge na Corel ɗin da ke gabanka ya isa. In kai mai zane ne, kowane kati da hotonsa, kana son kaifin bekta kuma ba ka son kashe ko kwabo, Inkscape da Countersheets. In kuwa dokokin wasan suna sauyawa duk mako, kamar yadda kowane sabon wasa yake yi da zarar yara sun sa masa hannu, nanDECK ya fi su duka, da muninsa da komai.

Ni a ƙarshe biyu na haɗa. Firam da alamomi da hotunan ƙofofi a Inkscape, haɗawa da jerawa a nanDECK, jadawalin kuma yana Google Sheets inda ƙanwata take gyara tambayoyinta daga waya ba tare da ta taɓa zanen ba. Mun buga a kati mai nauyin giram 300, aka yi masa laminatin marar ƙyalli saboda mai ƙyalli yana manne wa juna a hannun da ya yi gumi. Makon jiya ta aiko saƙo cewa tana son ƙarin kati 34, ɗaya ga kowace ƙaramar hukuma ta jihar, daga Jibiya har Sabuwa. Na ce ta ƙara layukan, in ta gama ta yi mini filashin.